Berni da Teburin Keken Inna

Salama alaikum 'yan uwa. Masu tambayata dalilin da ya sa nake tashi in bar wuri in aka buɗe gwangwanin fenti, shekara da shekaru ina ba ku dariya a madadin amsa. Yau na ga dama.

Lokacin muna zaune a Tamanrasset, maigidana Isuhu yana aikin gini, ni ina ɗinki. Keken na mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta. Tun daga Damagaram ya hau saman babbar mota tare da mu, rana ta dafa teburinsa har ya yi fari fat, ya tsattsage.

Ni kuwa akwai son a yaba. Na ce sai teburin nan ya yi ƙyalli kamar kayan shagunan Larabawa. Na sayo berni, man nan mai sheƙi da ake shafa wa katako, da dilwan, ruwan da ake tsinka shi da shi.

Shafin farko na yi a tsakar gida, iska ta watsa masa rairayi. Sai na ja shi ɗaki, na rufe ƙofa, na toshe taga da tsumma. Kwana huɗu ina ciki ina shafawa.

Tari ya fara. Daga nan ƙirjina ya soma fito in na ja numfashi.

Isuhu ya ce, "Ke dai sha nono. Masu fenti a wurin gininmu duk haka suke, yana wanke ƙirji."

Sati uku ina ɗirkar nonon raƙumi. Asibiti kuwa tsoronsa muke, don takardunmu sun mutu. Maƙwabta suka fara ware mini kofi, ana raɗa cewa tarin fuka ne. Wannan ya fi tarin ci mini rai.

Wata ranar Laraba ina shanya bayan azahar, iska ta ƙi shiga. Na buɗe baki kamar kifi, babu. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Da Isuhu ya kai ni asibiti, ba takarda aka fara nema ba, robar iska aka ɗaura mini a fuska. Aka ɗauki hoton ƙirji. Safiya uku ina tofa majina a 'yar kwalba. Wata ma'aikaciya Buzuwa mai jin Hausa ita ke fassara mini maganar likita.

"Ba tarin fuka ba ne," in ji ta. "Asma ce, warin man nan ya tayar da ita. Ya ce nono abinci ne, ba ya zuwa huhu. In kika sake shaƙa, ba lallai ki iso nan da rai ba."

Kwana tara na yi. Na dawo gida da abin fesawa a baki, ina shiga ɗaki warin teburin ya shaƙe ni.

Isuhu ya ce, "Wallahi gobe sai bola. In saya miki na ƙarfe."

Na ce, "A kan teburin nan Inna ta ciyar da mu bakwai. Ba inda za shi."

Ya ce taurin kaina ne zai kashe ni. Gaskiyarsa, amma ban saki ba.

Muka kira Baba Alhusaini, wani tsohon kafinta mutumin Agadas. A fili ya zauna, ya kankare bernin nan kaf da fasasshiyar kwalba, ni ina nesa da mayafi a hanci. Ya tambaye ni me za a shafa, sannan ya ce:

"'Yata, in ƙyalli kike so, duk mai ƙyalli wari gare shi. In katakon kike so ya rayu, kakin zuma da man zaitun kaɗan. Sai dai ba zai yi sheƙi ba, kuma duk wata sai kin murza."

Na zaɓi kakin. Da hannuna na murza shi, ina yi ina hutawa, yini biyu. Teburin ya fito ja-ja, ba ya ɗaukar ido.

Ranar da na koma kan keken na zura zare a allura. Na ce ko kalmasa zane ɗaya ce sai na kai ƙarshenta. Na taka, na taka, ban tsaya neman numfashi ba har zaren ya fita ɗaya gefen. Na kifa kai a kan teburin na yi kuka, ba abin da ya shaƙe ni.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitan nan da baiwar Allahn da ta yi mini tafinta. Baba Alhusaini ya rasu, ku sa shi a addu'a. Isuhu kuma na yafe masa nonon.

Don Allah kada ku shafa berni ko fenti a rufaffen ɗaki. Tari ya wuce sati biyu, a tafi asibiti, da takarda ko babu. Kafin ku zaɓi man katako, ku tuna da wanda zai wuni a kansa yana numfashi.

Asmar tana nan tare da ni har gobe. Kwana huɗu na yi ina shafa, shekara ashirin ke nan abin fesawa bai bar jakata ba.