Wurin da ke Gefen Fiddausi

Duk wanda ya taɓa raka gawa ƙaramar maƙabartar nan da ke bayan Darmanawa ya ga Malam Ɗahiru, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon da ake tararwa tsaye a bakin rami, wando a naɗe zuwa gwiwa, ya gama aikinsa tun kafin makara ta iso. Mutane ba sa kallon mai haƙa kabari sosai, hankalinsu yana kan wanda suka ɗauko. Shi ma hakan ya fi masa.

Daga wani ƙauye na wajen Rano ya shigo Kano yana saurayi, ya yi leburanci a gine-ginen Gyadi-Gyadi, ya yi haƙar rijiya da masai. Wata rana aka rasa mai haƙa kabarin wani maƙwabcinsa, ya ɗauki diga ya tafi. Daga nan bai sake komawa kwaɓa siminti ba. Matarsa Fiddausi takan tsokane shi ta ce ita dai ta auri mutumin da kowa zai zo hannunsa amma babu mai ɗokin zuwa. Sai ya yi murmushi.

Da Fiddausi ta rasu, a kusurwar gangare aka binne ta, kusa da katanga. Gefenta ta sama akwai ɗan fili, daidai kwanciyar mutum ɗaya. Malam Ɗahiru bai gaya wa kowa ba, amma a ransa ya riƙe wurin ya zama nasa. Idan aka kawo gawa layi ya nufo wajen, sai ya ce ƙasar nan da tauri, a matsa gaba. Ya san ba a kama wuri a maƙabarta, ya san in ya furta za a ce da shi, kai da kake binne mutane kullum ka san inda za ka mutu ne? Shehu, abokin haƙarsa, ya daɗe da ganewa, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba.

Shekara da shekaru masu bincike suna zuwa unguwar. Yau masu duba ruwa su ɗebi na rijiyoyin gidajen da ke bayan katanga a kwalba, su tafi. Baɗi masu duba ƙasa da duwatsu su zo da ƙarafunansu. Can kuma masu auna ruwan sama. Kowa ya yi wa mai unguwa irin tambayar da na baya ya yi, kowa ya tafi da abinsa, babu wanda ya san ɗan'uwansa ya zo. Har mutanen unguwa suka daina tashi daga benci in sun ga farar motar masu bincike.

Sai gwamnati ta haɗa su duka a kwamiti ɗaya, tare da masanan wata jami'a ta ƙasar waje da aka riƙa aika wa ruwan su gwada. Da kowa ya ajiye abin da ya sani a teburi guda, magana ta fito fili. Ƙarshen damina ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa a kusurwar gangare, ya bi ta ƙarƙashin katanga ya shiga rijiyoyin da mutane suke sha. Aka yanke cewa a daina binnewa a wannan ɓangaren.

Ranar da suka zo shata iyaka, wadda ta jagorance su wata ma'aikaciya ce, Patience, 'yar Filato mazauniyar Tarauni. Ba ta shiga maƙabartar ba. Ta yafa mayafi ta tsaya a bakin ƙofa tare da wani Bature da jami'ar ta turo, ta roƙi mai unguwa ya kira mata mai haƙa.

"Baba, sannu da aiki," ta ce. "Na'urarmu daga wajen katanga ta auna, ba mu so mu soka ƙarfe a tsakanin bayin Allah. Kai kake shiga ramin. Ka nuna wa mutanenmu daga inda kake fara samun danshi, a nan za a kafa turke."

"Waɗanda suke kwance a ciki fa, 'yata?"

"Babu wanda za a taɓa. Ƙari ne kawai ba za a yi ba."

Ya so ya tambaye ta ko mutum ɗaya tak zai ɓata wani abu, amma ya haɗiye.

Ya shige gaba, ma'aikata biyu suna biye da shi da igiya da turaku, Shehu a bayansu. Yana tafe yana lissafi da zuciyarsa. In ya ce danshi daga kan Fiddausi ya fara, igiya za ta ratsa tsakaninta da filin, wurinsa ya tsira. Babu mai ƙaryata shi, na'ura ba ta shigo nan ba. Amma shi ya sani. Ya sha haƙa sama da wajen a ƙarshen damina, ƙasa ta fito da danshi tana kama shebur. Ta bayan katanga kuma yana jin ƙarar guga tana bugun bakin rijiya, wata mata tana ɗiban ruwan girki. Ya san gidan, shi ya binne mahaifinta.

Ya zo daidai kabarin matarsa ya tsaya, ya yi mata addu'a kamar yadda ya saba. Ma'aikacin da ke riƙe da turke ya ɗauka an iso, ya sunkuya zai kafa.

"Ba nan ba," in ji Malam Ɗahiru. "Mu ƙara hawa."

Ya taka ta cikin filin nasa, ya wuce shi, ya wuce layin da ke samansa, sannan ya nuna ƙasa da ƙafa. Da kansa ya karɓi guduma. Ranar sai da ya kuskure turken, Shehu ya zo ya riƙe masa. Baƙin ciki ya cika masa ciki irin na ranar da aka sa ta a ƙasa, kuma babu wanda zai yi masa ta'aziyya, tunda babu wanda ya mutu.

A bakin ƙofa Patience ta yi masa godiya, Baturen ya miƙo hannu suka gaisa. Aka ce sakamakon zai shiga rahoton da wasu garuruwa za su yi amfani da shi, har a ƙasashen maƙwabta. Malam Ɗahiru ya ce Allah ya sa a dace, ya tafi wanke ƙafarsa.

Yanzu an gina ɗan guntun bango a inda igiyar ta bi. Yana nan yana haƙa a tudu, ƙarfi ya fara ja baya, yawanci shi ke auna tsawo wasu su sara. Kwanan baya suna zaune a inuwa suna jiran wata gawa, ya dubi Shehu ya yi maganar da bai taɓa yi ba.

"Idan tawa ta zo, kada ka wahalar da kowa. Duk inda layi ya kai, ku sa ni a nan."

Shehu ya ce to, ya kawar da kai gefe.