Aisami Mahauci da Saniyar Bune

Aisami mahauci ne a Gure, sana'ar da ya gada wurin mahaifinsa. Wata ranar kasuwa ya sayo saniya a Bune ya yanka, ashe ta sata ce. Mai ita ya gane tambarinsa a jikin fatar, jandarmomi suka kama Aisami, aka kai shi gidan kaso.

Ƙanwarsa Mardiya ta je har Damagaram ta ɗauko lauya. Da lauyan ya shiga ganinsa sai ya ce, "Malam Aisami, wa ya shaida cinikin nan?"

"Dillali kaɗai, maigida. Shi kuma ya bi makiyaya arewa."

Sai da damina ta wuce kafin lauyan ya samo dillalin. Ya rantse gaban alƙali, aka sallami Aisami.

Ya koma rumfarsa, amma masu sayen namansa sun riga sun saba da wani. In ya gifta, sai hira ta mutu. Daga ƙarshe ya ajiye wuƙa ya koma noma a Gamu. Har yau in mota ta tsaya kusa da gonarsa, gabansa faɗuwa yake yi.