Na Ga Kumburin, Na Yi Shiru

Assalamu alaikum 'ya'yana ɗaliban aikin jinya, da duk mai bibiyar wannan shafi. Kun saba ganina ina yi muku bayanin jini da zuciya kamar a littafi na tsince shi. To ba a littafi kaɗai ba ne. Akwai maganar da na haɗiye tun ina 'yar budurwar uwa, yau ga furfura, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Zamanin da kuɗin mai ya shigo ne, kowane ma'aikaci a Gombe ya sayi sabon babur. Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya na dawo gidanmu a unguwar Jekadafari na haifi ɗana na fari, Sa'idu. Na zubar da jini sosai wurin haihuwa.

Mahaifiyata, Dada, ta ɗaura ɗamarar jego. Safe da yamma tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ta fyaɗa mini har fata ta yi ja. Kunun kanwa ƙwarya guda. Sannan in kwanta a gadon ƙasa, garwashi a ƙarƙashi.

Mako na uku sai haki. Daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai na tsaya na huta. In na kwanta numfashi ya ƙi, sai a jingine nake barci.

Wata safiya na danna ƙwaurina da ɗan yatsa. Gurbin ya zauna, kamar an danna tuwo.

Wallahi na gane. Watanni kaɗan kafin nan na rubuta jarrabawa a kan wannan, ni na zo ta ɗaya. Jini in ya yi ƙaranci, zuciya na ninka gudu don ta kai iska ko'ina. Kanwa kuwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Ga zafin wuta a kai. Zuciya ta gaji, ruwa ya taru a ƙafa da huhu.

Dada ta duba ƙafar ta ce, "Sanyi ne ya shige ki. A ƙara kanwa."

Na ce, "To, Dada."

Ni 'yar fari ce. A gidanmu ko sunana ba ta kira, balle in buɗe baki in ce mata abin da uwarta ta yi mata kuskure ne. Sai a ce boko ya fitsare ni. Na ɗauki ƙwaryar na shanye.

Allah Ya kawo Rifkatu barka, ƙawata 'yar Tangale, ajinmu ɗaya. Ko jaririn ba ta ɗauka ba. Ta ja fatar idona ƙasa, fari fat. Ta kama wuyan hannuna tana duban agogo.

Ta ce, "Ke Hauwa, kin haukace ne? Ba ke kika koya mini wannan ba?"

Ta juya ta durƙusa. "Dada, ki yi haƙuri, ba raini ba ne. In ta ƙara kwana biyu a ɗakin nan, gawa za a fitar."

A asibiti aka jingine ni da matasai huɗu. Allurar fitar da ruwa, awon fitsari a kwalba, hawa sikeli kowace safiya, abinci lami. Jini kwalba biyu, ɗaya na maigidana ɗaya na Rifkatu, aka sa shi yana ɗiga a hankali don kada zuciyar ta ƙara shan kaya. Na ji tsoro, ba kaɗan ba. Likitan ya duba takardata ya ce, "Ɗalibar jinya? Me kike jira?"

Nonona ya ƙafe. A gida aka koma ba Sa'idu madarar gwangwani da ruwan rijiya. Gudawa ta kama shi.

Kwana uku ya yi, Allah Ya karɓi abinsa. Ban gan shi ba.

Ni na warke. Bayan wata biyu na fito da ƙafata, zuciyata ta koma daidai, na haifi biyar bayansa. Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa Rifkatu da alheri, har yau jininta na yawo a jikina. Ya jiƙan maigidana, Ya saka wa nas-nas ɗin da suka yi ta juya ni.

Ku kuma, in kun je barka, ku duba uwa kafin jariri. Ku ja fatar ido, ku danna ƙwauri, ku tambaye ta yadda take kwanciya. Mai jego da ke haki asibiti za ta, yau ba gobe ba. A rage kanwa, a sirka ruwan wanka. Ku faɗa wa tsofaffi da ladabi, amma ku faɗa.

Dada ba ta ƙara dama kunun kanwa ba har ta koma ga Allah. Ranar da aka sallamo ni, a zaure ta tare ni, ta kira sunana, karo na farko a rayuwata. Ta ce, "Hauwa, ki yafe mini, ni na kashe miki ɗa. Ban sani ba."

Na ce, "Ba komai, Dada, kwanansa ne ya ƙare."

Shekara ashirin da wani abu ta ƙara a duniya tana ɗauke da wannan kaya ita kaɗai. Ita ba ta sani ba. Ni na sani, kuma ban taɓa gaya mata ba.