Zarton da Ke Bukatar Mai Tarba

Rannan autana ya shigo gaishe ni, rigarsa duk garin katako. Tun kafin ya durƙusa na ji ƙanshin, na ce maɗaci ne. Ya yi dariya, ya ce Hajiya ba kya kuskure. To ina zan yi kuskure, ni da na tashi ina tsince garin maɗaci a cikin tuwona? Ya gyara wani ɗaki a gidansa, yana 'yan ƙere-ƙeren kujeru idan ya taso daga aiki, yanzu kuma injin zarto yake son saye, irin mai teburi. Ya miƙo mini waya yana nuna mini hotunansu, wai in taya shi zaɓe. Ni kuwa tuni hankalina ya koma Gwaram.

A gidanmu akwai wata rumfa bayan zaure, a cikinta akwai rami mai kai wa babba ƙirji. Nan Baba da Kaka, wato mahaifinsa, suke tsaga katako. A ɗora gungume a bakin ramin, Kaka ya tsoma zare a ruwan gawayi ya buga layi, sannan ya hau sama ya riƙe kan dogon zarto, Baba ya shiga rami ya riƙe ƙarshensa. Na sama shi ke bin layi, na ƙasa shi ke shan ƙura. Da ƙarar zarton nan muke sanin gari ya waye, idan ta tsaya kuma mu san azahar ta yi. Ni ce mai kai musu fura. Kaka ya karɓi ƙwarya ya ce, "Uwargida, yau ma kin shanye nonon a hanya?" Ni kuma in ce tsoho mara haƙori me zai yi da nono.

Sai shekarun kuɗin mai suka zo. Makarantu suka riƙa tsirowa har a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba, kowacce kuma tana son benci da taga da ƙyaure. Aiki ya yi wa Baba yawa, a daidai lokacin da kafaɗar Kaka ta fara gazawa. Ya ja zarto kaɗan sai ya tsaya, wai yana duba layi, alhali layin lafiyarsa ƙalau. Kowa ya gani, ba mai iya faɗa.

Kawu, ƙanen Inna, direban babbar mota ne, shi ya kawo labarin cewa wani ɗan kwangila a Birnin Kudu ya gama aikinsa yana sayar da injinan zarto guda biyu. Baba ya je ya shaida wa Kaka bayan la'asar, ina zaune ina cire masa ƙaya a tafin ƙafa. Kaka ya ce, "Ka saya mana, Allah ya sa albarka. Ni ma na huta. Sai in koma gindin ɗorawa wajen tsofaffi, mu zauna mu jira ranarmu." Da dariya ya faɗa, amma na ji ƙafarsa ta yi sanyi a hannuna. Tun daga ranar ya rage cin abinci, tsokanata ma ya daina. Wallahi na tsani injin nan tun ban gan shi ba.

Ranar tafiya aka ce in bi su a sauke ni wajen gwaggona in yi hutu, shi ya sa aka yi cinikin a gabana. Injinan suna ajiye a wani fili, kowanne da faifan zarto mai haƙora yana leƙowa ta tsakiyar teburin ƙarfe, da injin gas a gefe mai juya shi da bel, kamar na niƙa. Ɗaya babba ne, teburinsa dogo gaba da baya. Ɗayan kuwa teburinsa guntu ne, bai fi faɗin faifai biyu ba a idona na lokacin. Kawu ko kallon ƙaramin bai yi ba. Mai kayan ma ya ce tsakaninsu a kuɗi ba wani abin a zo a gani.

Baba ya zagaya su, ya shafa haƙoran, ya girgiza teburin ya ji ko yana rawa, ya sa aka tashi kowanne ya saurara. Sannan ya ce, "Alhaji, kowannensu mutum nawa yake bukata?"

Mai kayan ya ce, "Babban kai kaɗai ka isa, ka tura katako ya kwanta da kansa a baya. Ƙaramin kuwa dole sai da mai tarba. In ba mai riƙewa a baya, katakon ya rinjaya ya faɗi, ya ɓata maka layi."

Baba ya ce, "Ƙaramin nake so."

Kawu ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Haba Yaya, wa ya taɓa ganin an ba mutum doki ya ce jaki yake so?" Baba ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kawu ya nuna babban injin ya ce ga wanda ke ɗauka nan. Baba ya ƙirga kuɗi ya biya, aka ɗora ƙaramin a mota.

Da na dawo daga hutu, na tarar an cike ramin, injin yana zaune a kansa. Baba yana turawa, Kaka yana tsaye a baya da rawani rufe da hanci, yana tarbar katako da hannu biyu. Aikin ba ya son ƙarfin kafaɗa, ido yake so da natsuwa. Bugun layi ma yana nan a hannunsa. Na ji shi yana yi wa Baba faɗa cikin ƙarar inji, "A hankali mana, ko kora ka ake yi?" Ranar ya shanye furarsa tas, ya kuma ce na sha nonon a hanya.

Kada ka zaci abin bai ci wa Baba komai ba. Idan Kaka ya kwanta da zazzaɓin damina, inji ya yi shiru, don Baba ba ya yarda wani ya tsaya a wurin. Ayyuka sun wuce shi, har wani kafinta daga Basirka ya sayi babban injin ya kwashe aikin bencinan makarantun yankin. Kawu kuwa duk zuwansa sai ya tambayi lafiyar jaki.

Wata rana, bayan na zama budurwa, na ce wa Kaka ai da an sayi babban da yanzu mun yi gidan bulo. Ya dube ni ya ce, "Uwargida, ubanki fa kafinta ne. Ƙarin teburi ne zai gagare shi?" Ya ci gaba da ɓare goronsa. Ashe tun ranar farko ya gane, bai taɓa nuna wa ɗansa ba, ɗan ma bai taɓa faɗa ba.

Da Kaka ya rasu, bayan an share makoki, Baba ya shiga rumfa da safe. Kafin azahar ya haɗa teburin katako mai ƙafa huɗu, ya jingina shi a bayan injin, daidai inda Kaka yake tsayawa. Ya tura katako, ya kwanta lafiya lau. Sai ya kashe injin, ya zauna a ƙasa ya rufe fuskarsa da hula. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar.

Injinan da autana ya nuna mini duk an yi su ne don mutum ya rufe ƙofa ya yi aikinsa shi kaɗai, kuma ban ce laifi ne ba. Sai dai mahaifinsa yana nan tun da ya ajiye aiki, kullum a ƙofar gida da rediyo, daga sallah sai sallah. Na mayar masa da wayarsa, na ce ni ban san na kirki a cikinsu ba, amma idan ya je wajen mai kayan, ya tambaye shi ko akwai wanda ke bukatar mai tarba.