Shekara Guda Ina Dakon Balki

Ranar Asabar ce, mako biyu bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da na cika goma sha huɗu, aka kore ni daga gasar harbi a bayan garin Lyon saboda na gaida kawuna. Filin tsohon wurin fasa dutse ne, tudun ƙasa ya kewaye shi ta fuska uku, an kakkafa kwalaye da farantan ƙarfe, mutum ya bi da gudu yana harbinsu da ƙaramar bindiga, alƙali na biye da shi da agogo a hannu. Na gama zagayena na huɗu ke nan, kuma ban taɓa harbi mai kyau irin na ranar ba. Alƙalin, wani dattijon Bafaranshe mai jan wuya, ya ce in cire gidan harsashi in nuna masa cikin bindigar babu komai. Na cire, na nuna. Saura kawai in mayar da ita kube, sai wata murya ta ratsa abin toshe kunnena daga baya: "Salamu alaikum! Ramatu, ke ce kika girma haka?" Kawu Laminu ne, yayan mahaifiyata, ɗan kasuwa a Lyon, rabona da shi shekara biyar. To, a gidanmu ba a amsa wa babba da ƙeya. Kafin kaina ya yi tunani, jikina ya riga ya juya gaba ɗaya, na rusuna, bindiga a hannuna, bakinta ya bi ta kan 'yan rukuninmu kaf. Alƙali ya sunkuya ɗaukar harsashin da ya faɗo ƙasa, bai gani ba. Wadda ta gani Balki ce, aminiyata, ita ce kuma ta daka tsawa ta ce "Stop!" har tudun ya amsa.

Ni da Balki a bene ɗaya muka tashi a Stains, a bayan garin Paris, mu a hawa na bakwai, su a na biyar. Iyayena 'yan Damagaram ne, nata 'yan Maradi, shi ya sa kullum muna tsokanar juna a kan wa ya fi iya Hausa, alhali dukkanmu rabin maganarmu Faransanci ne. Asansar ɗin benen nan, wato na'urar hawa da sauka, ba ya cika mako yana aiki, mu ne ke jidar buhun shinkafa da ƙunshin ruwan kwalba a matakala, ni in kama gaba ita baya, muna zagin wanda ya gina wurin. Ran Lahadi Inna kan shimfiɗa tsohon bargo ninki huɗu ta ɗora turmi a kai don kada tsohuwar da ke ƙasa da mu ta bugo rufinta da sandar tsintsiya, mu yi ta dakan yaji muna atishawa. In an gama sai mu sauka bayan bene, inda siminti ya tsattsage, mu zana 'yar gala-gala da allin da muka kwaso a lakwal, wato makaranta, ko mu zauna carafke da duwatsun da Balki ke ɓoyewa a cikin safa. A carafke ba a taɓa cin ta ba. Ta san inda nake ɓoye takardar jarrabawa in na faɗi, ni ma na san nata, kuma ba a taɓa jin kanmu ba.

Wanda ya kai mu harbi Malam Isufu ne, mutumin Tawa, karatu ya kawo shi Faransa ya zauna yana aikin ofis a Bobigny. Wata uku ya yi yana sintiri gidajenmu kafin iyaye su sa hannu, don Baba cewa ya yi ba zai haifi ɗiya ya kai ta koyon kisan kai ba. Malam Isufu ya kai shi kulob ɗin harbin ya zaunar da shi yini guda. Da Baba ya dawo abin da ya ce kawai shi ne, bai taɓa ganin wuri mai dokoki da yawa haka ba, ko prefektir, inda ake neman takardun zama, ba ta kai shi ba. Da bindigar iska muka fara, sai da muka shekara biyu aka bar mu muka taɓa mai harsashi, ita ma ta kulob ce, a kulle take kwana. Dokokin ba su da wuya a baki. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai an yi saiti. Bakin bindiga ba ya barin fuskar tudu, ko da babu komai a cikinta. Akwai kuma tebur guda a gefe da ke fuskantar bango, nan kaɗai ake fitar da bindiga a duba ta ko a gwada hannu, kuma haramun ne a taɓa harsashi a wurin. Malam Isufu yakan ce, "Bindigar da kika rantse babu komai a cikinta, ita nake tsoro." Yakan kuma ce, "Kowa a filin nan alƙali ne, har wanda ya zo jiya." Muna tare da direban bas, da wata malamar asibiti, da wani tsohon Baportigal mai gini wanda ke zuwa da biredi da cuku ya yanka wa kowa. In takalminka ya tsinke wani zai ara maka nasa, in bindigarka ta cije wanda kuke takara da shi ne zai gyara maka.

Duk wannan na sani, amma ranar Lyon ban so in sani ba. Alƙali ya dafa kafaɗata cikin ladabi ya ce gasata ta ƙare. Kawu Laminu ya tuɓe hula ya shiga yi masa bayani da Faransancinsa na kasuwa, wai yarinya ce mai tarbiyya, laifinsa ne shi da ya yi sallama. Alƙali ya ce ya yarda da tarbiyyar, amma bakin bindiga ya juya. Al'adar wasan kuwa, wanda aka kora ba ya tafiya gida yana fushi. Zama yake har a tashi, yana liƙe hujin kwalaye da 'yar takarda mai danƙo, yana tada farantan da aka kayar. Haka na yini ina liƙe hujin wasu, har da na Balki, wadda ta zo ta biyu a cikin 'yan mata aka rataya mata lamba. A jirgin ƙasa na komawa Paris ta zauna kusa da ni ta miƙo mini kilishin da Kawu ya ba mu, ta ce, "Ramatu, wallahi cikina bakin ya saita." Na ce babu komai a ciki, kuma ta sani. Ta ce ta sani. Na juya na kalli taga har muka shiga tashar Paris da ake kira Gare de Lyon, ina rantsuwa a zuci cewa sai na ga ranar da za ta liƙe hujina.

Kai, ƙiyayyar yarinya 'yar sha huɗu ba wasa ba ce! Ban daina yi mata magana ba, don da na daina da ta yi hattara. Muna jidar ruwa tare, muna daka tare, ina dariya in ta yi barkwanci, amma idona na kan hannunta. Littafin dokoki na haddace shi kamar za a yi mini tilawarsa. Duk Laraba da yamma, in ta shiga fili, nakan tsaya inda zan ga yatsanta sosai, in bi ta da ido tana gudu, tana canza gidan harsashi, tana kewaya shinge, ina addu'a Allah Ya sa ta zame. Malam Isufu har yabona yake a gaban mutane, wai a yi koyi da Ramatu, ba ta ɗauke ido daga 'yar'uwarta. Ni kuwa na san abin da nake jira. Balki ba ta ba ni ko ƙofa ɗaya ba har shekara ta kewayo, kuma kowace Laraba da ta fita lafiya haushina ƙaruwa yake.

Ranar ta zo a wata gasa kusa da Paris, wadda daga ita Malam Isufu zai zaɓi yarinya ɗaya tak da kulob zai tura gasar ƙasa. Kowa ya san Balki ce, ta fi ni maki nesa ba kusa ba. Da hantsi, kafin zagaye na uku, ta tafi teburin duba bindiga don ta gwada hannu, na bi ta na tsaya a bayanta kamar yadda na saba. A gefenta wani yaro ɗan sha biyu na goge bindigarsa. Balki ba ta yi barci sosai ba, ƙanenta ya kwana yana zazzaɓi, ta faɗa mini a mota. Ta kai hannu ɗamararta ta zaro gidan harsashi, a zatonta fanko ne na gwaji. Ni daga inda nake na hango jan ƙarfen harsashi yana ƙyalli a bakinsa. Da na ce "Balki!" a lokacin, da ta mayar, da wataƙila gargaɗi kawai za a yi mata, ko ma ba wanda zai lura. Na yi shiru. Na bar ta ta ɗaga shi, na bar ta ta kai shi gindin bindiga, na bar ta ta tura har na ji ya ce ƙas. Hannunta na hagu ya hau saman bindigar zai ja baya ya ɗora harsashi, sannan na buɗe maƙogwaro na kurma ihu yadda ko mai sayar da kofi a bakin ƙofa sai da ya ji. Ba zan yi ƙarya ba, daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, har kunnuwana suka yi zafi.

Aka kore ta nan take. Ta tsaya fuska ta yi fari fat, tana kallon yaron nan da ke gefenta. Na gyara tsayuwa ina jiran ta zage ni, don na tanadi amsar tun shekara guda. Sai ta taho ta rungume ni a gaban kowa tana kuka, tana cewa, "Na gode, Ramatu, na gode, da ba ki nan fa?" Tsohon Baportigal ya buga mini kafaɗa, malamar asibiti ta sumbaci goshina. Balki ta ɗauki takardar liƙi ta yini tana bin kwalayena, duk inda na samu tsakiya ta ɗaga mini babban yatsa. Abin da na roƙa ke nan daidai, aka ba ni, amma biredin da aka yanka mini da rana ajiye shi na yi ban ci ba.

Da la'asar, ana loda kaya, Malam Isufu ya kira ni bayan mota. Ashe yana tsaye can gefe da kofinsa, ya ga fuskata tun daga farko. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaushe kika ga harsashin?" Bai jira amsata ba ya ce, "Ita a Lyon tana gani ta yi ihu. Ke kin gani kin jira. Da hannunta ya fi bakinki sauri fa?" Ya ce ba zai faɗa wa kowa ba, amma ba zai tura ni gasar ƙasa ba, don ba zai iya tsayawa kusa da mai bindigar da ke jiran na kusa da ita ya yi kuskure ba. Shekarar kulob bai tura kowa ba. Da aka tambaye shi dalili cewa ya yi Ramatu ba ta nuna ba tukuna. Balki ta je har ofishinsa a Bobigny ta yi masa rigima a kaina, ta dawo tana huci tana cewa an zalunce ni. Ita kanta ba ta ƙara shiga gasa ba. Ta ce duk sanda ta ɗaga bindiga sai ta ga fuskar yaron nan.

Yau an rushe benenmu na Stains, an yi wasu gajeru masu fenti a wurin, yara kuma ba sa sauka wasa, kowa na ɗaki da wayarsa. Ni ce nake bin masu harbi da agogo a hannu ran Asabar, kuma ba ni da suna sai na alƙaliyar da ba ta bari a kai ga kuskure, ina ganin hannu ya nufi inda bai dace ba nake magana. Malam Isufu ya koma Tawa bayan ya yi ritaya, can Allah Ya yi masa rasuwa. Balki tana Lyon tana aikin kantin magani, 'ya'yanta uku. Ina kewar matakalar nan da muke haki a kanta, lokacin da babu abin da ɗayarmu ke ɓoye wa ɗaya. Duk sanda na je gidanta sai ta tara yaran ta ce su zo su gaida Tanti Ramatu, wadda ta hana uwarsu harbe ɗan mutane, su kuma su durƙusa su gaishe ni ɗaya bayan ɗaya. Nakan amsa, in sa musu albarka. Har yau ban faɗa mata ba.