Layin Masara na Goma Sha Huɗu

Shekarar da aka turo ni wata sakandare kusa da Sheme, na tarar da ajin ƙarshe na lissafi a hannun wani dattijo da kowa ke kira Baba Malam. Da safe alli, da yamma fartanya a gonar masararsa. Ni kuwa na zo da digiri ko ƙura bai yi ba, ina kallon ajin nan kallon da kura ke yi wa akuyar maƙwabta.

Sai labari ya zo cewa wata Hajiya za ta zo daga ofishin ilimi duba darasi. Malamin lissafi ɗaya za a bari. Ɗayan za a tura shi wani ƙauye can bayan Sabuwa, inda direbobi ba sa yarda la'asar ta same su a hanya. Baba Malam ga iyali, ga ciwon gwiwa.

Ya same ni a gindin dalbejiya. "Ɗana, mi zan koyar wanda zai shiga ran matar nan?"

Na rubuta masa sanannen jerin nan da kowace lamba ke fitowa daga haɗa biyun da suka gabace ta: ɗaya, ɗaya, biyu, uku, biyar, takwas, sha uku, ashirin da ɗaya. Na ce masa tsirrai da yawa suna bin sa. Furen kuɓewa biyar yake rabuwa, idanun abarba kuma layi takwas ne ta nan, sha uku ta can. Duk gaskiya ne.

"Ikon Allah!" in ji shi. "To ina ni ina abarba? Masara hwa? Ai ita ma halitta ce."

Na san layukan masara bibbiyu suke fitowa, sha biyu, sha huɗu, sha shida. Shi da ya tsufa a cikinta bai taɓa ƙirgawa ba, don manomi buhu yake dubawa. Na ce, "Baba, ai ku kuka san masara." Ban yi ƙarya ba. Na daɗe ina kwana a kan wannan hujja.

Ranar da Hajiya ta zo, ya shigo da busasshiyar masara cike da faranti. Ni da Hajiya muna zaune a baya. Ya koyar da jerin da kyau, har ya fi yadda ni zan yi, abin da ya ƙara ɓata mini rai. Sannan ya ɗaga masara ɗaya, aji ya ƙirga layukan da ƙarfi. Sha huɗu. Ya ɗauko wata. Sha shida. Ta uku, sha huɗu.

Ya juya ya fuskanci allo kamar zai yi rubutu. Duk wanda ya taɓa murje masara da hannu ya san yadda ake farawa: babban yatsa ake sawa a ture layi ɗaya, don a buɗe hanya. Haka ya yi. Abin da bai tuna ba, dandamalin siminti ne. Ƙwayoyin suka riƙa faɗuwa suna tsalle, ɗai-ɗai, aji tsit.

Ya juyo. "Sha uku."

"Baba, in gani," in ji Hajiya. Ta bi farar totuwar da ta bayyana da yatsa. "Wannan giɓin fa?"

"Ɓera ne, Hajiya."

"Lalle ɓeran Sheme ya yi boko. Ya ci layi ɗaya cif, ya bar maka lissafi daidai."

Ajin ya tuntsire. Har waɗanda ya koya wa iyayensu suna dukan benci. Ta waiwayo gare ni. "Malam, kai da ka yi jami'a, masara na cikin jerin?"

"A'a, ranki ya daɗe." Nan ya kamata in tsaya. Na ƙara da cewa, "Ko ɗan aji ɗaya ya san haka." Babu ɗan aji ɗayan da ya sani.

Bayan mako biyu takardar canjin wuri ta iso da sunansa. Ya zo ɗakin malamai yana jan ƙafa, ya miƙa mini rajista da littafin darasinsa da ya ɗinke da zaren buhu.

"'Yan layin baya ba su iya rabawa ba, ka bi su sannu," ya ce. "Kuma na gode da ƙoƙarin da ka yi mani, ɗana. Ni ne ban gane ba."

Na ce, "Ba komai, Baba."

Ranar Litinin ɗan acaɓa ya ɗaure masa tabarma da buta a baya, suka ɗauki hanyar Sabuwa da sassafe. Aka buga ƙararrawa, na shiga ajin.