Layin da Na Goge a Littafin Kokowa

Mu bakwai ne muke zama gindin bishiyar bedi, bakin shagon wani tela a Malbaza, a shekarun da nake aikin rubuta lambar motocin da ke fita da siminti daga ma'aikata. Akwai telan kansa, da direban babbar mota, da mahauci, da abokan aikina biyu, da ni, sai wani dattijo mai sayar da albasa wanda dukanmu muke kira Baba. Mutumin Badagishiri ne. In an gama girbi yakan zo Malbaza ya kama ɗaki, in ruwa ya sauka ya koma gona.

Duk shekara in gasar kokowa ta ƙasa ta zo, tela yakan saya wa rediyonsa sabbin batura, mu taru bayan la'asar. Ba mu iya zuwa kallo, sai muka ƙirƙiro wasanmu, muka sa masa suna garke. Ana gobe za a fara, rediyo yakan karanta sunayen 'yan kokowar kowace jiha, ni kuma in rubuta. Sai mu ja tsinke. Wanda ya ja mafi tsawo shi ke fara zaɓe, a zagaya sau biyar, kowa ya tashi da mutum biyar, garkensa ke nan. Waɗanda ba wanda ya ɗauka muna ce musu 'yan daji.

In naka ya yi kaye, maki biyu. In an tashi canjaras, ɗaya. In ya kayar da wanda ya taɓa ɗaukar takobin ƙasa, uku. In naka biyu suka haɗu da juna, ɗaya kawai za ka samu, don akwai shekarar da direba ya cinye mu ta wannan hanya, mahauci ya yi mako guda ba ya yi masa magana. Ba a karanta jimla sai ranar ƙarshe. Kuɗi kuwa tela ya hana, ya ce ranar da suka shigo zai mayar da rediyonsa cikin akwati. Abin da ake ci takobi ne na katako, wanda tela ya ɗinka wa kube da jan ƙyalle. Wanda ya ci zai rataye shi a ɗakinsa shekara guda, a riƙa ce masa Sarki, kuma shi ake fara miƙa wa shayi. Wanda ya zo ƙarshe shi ne Wutsiya, shi ke hura gawayi da wanke kofuna.

Akwai doka guda da ni na kawo ta. In ɗan kokowarka ya ji ciwo, kana iya musanya shi da ɗan daji, amma sai ka faɗa wa mai littafi kafin kiran azahar, a gaban shaida ɗaya daga cikinmu. Ni ne mai littafin. Shekara shida na yi a lakwal, wato makarantar boko, ban fito da takardar komai ba, amma a gindin bedin nan ni kaɗai ke iya jera lambobi su tsaya daidai, har suna ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci. Ina son wannan suna fiye da yadda ya kamata.

Baba ne Wutsiya kusan kowace shekara, alhali shi kaɗai ne a cikinmu ya taɓa shiga fili. Da ƙuruciyarsa ya yi kokowa a ƙauyukan kwarin Badagishiri har zuwa Illela, yatsansa ɗaya ma a karkace yake tun lokacin. Matsalarsa ita ce da zuciya yake zaɓe. In ya ji ɗan kokowa ɗan yankinsu ne, ko ya san kakansa, sai ya ɗauka ko da ya tsufa. Tela taubashinsa ne, don haka ba ya raga masa.

"Kai tsoho, wanga da ka ɗauka ai sai an tashe shi daga barci kan shi shiga fili."

"Bar ni da shi. Ubanai ya taɓa ɗaga ni sama, na san ƙashin gidansu."

"To ka fara jiƙa kofunanka tun yanzu."

Baba sai ya yi dariya har ya riƙe ciki. Wata rana da muka rage mu biyu ya gaya mini cewa matarsa ma tsokanarsa take yi. Tun tana budurwa take tsayawa bakin fili tana yi masa guɗa, yanzu kuma duk ya koma gida sai ta tambaye shi ina takobin, ko bana ma kofuna ya wanke. Ya ce, "Mushe, sau ɗaya dai nike so in aje mata shi gabanta in ga mi za ta ce."

A shekarar da nake magana, ranar huɗu ga gasar, da hantsi, sai ga Baba bakin ƙofar ma'aikata. Wani direba da ya taso daga garin da ake gasar ya gaya masa cewa ɗaya daga cikin garkensa ya gurɗe a kafaɗa. Ya ce in cire shi, in sa masa wani yaro daga gabas da ba wanda ya san shi.

Na ce, "Baba, wannan ai ba a ko yi masa kirari. Me kuka gani?"

Ya ce, "Ban gani ba, ji na yi. Jiya mai rediyo ya ce yaron bai matsa ba, bai ja baya ba, har aka busa. Wanda ya iya tsayuwa haka, kaye na nan tahe."

Na zaro littafin daga aljihu na rubuta da fensir a ƙasan sunayen garkensa. Ɗaya daga cikin abokan aikina, wanda muke zama tare, yana tsaye bai fi taku goma ba, yana duba takardar wata mota. Da na ɗaga murya sau ɗaya da an sami shaida. Ban kira shi ba. A ranar ba mugunta ba ce, raini ne. Na ga zaɓen Wutsiya bai kai a tsayar da mutum daga aikinsa ba. Baba kuwa bai iya karatu ba, ya ga fensir ya motsa, ya yi godiya ya tafi.

Da la'asar yaron ya yi kaye. Baba ya miƙe yana cewa nasa ne, ya musanya. Aka yi dariya, tela ya ce makaho ya tsinci kaza. Ni kuwa na duƙar da kai cikin littafi, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Washegari yaron ya sake kayarwa. Haka ya yi ta yi. A rana ta bakwai ya haɗu da babban ɗan garkena, ƙato wanda ya taɓa ɗaukar takobi, wanda na ja tsinke mafi tsawo na same shi. Ba a daɗe ba mai rediyo ya fasa ihu, gwiwar ƙaton ta taɓa ƙasa. Baba ya jefar da hularsa ya taka rawa cikin titi, har mata masu tallar fura suka tsaya kallo. Ban taɓa ganinsa haka ba.

An kayar da yaron ana gobe za a rufe, shi ne na ƙarshe da ya rage a garken waninmu, domin biyun da suka kai ƙarshe duk 'yan daji ne. Saboda haka da safen ranar ƙarshe, a rumfar bakin ƙofa, na zauna na haɗa jimla. Ina da talatin da biyar, na fi kowa in ban da Baba. Baba yana da talatin da bakwai, sha ɗaya daga ciki na yaron ne. In aka cire su ya koma ashirin da shida, mahauci da ke can ƙasa yana da ashirin da bakwai. Na sake haɗawa sau uku. Ban taɓa cin takobin ba, sau biyu ina zuwa na biyu. Na san sarai inda Baba zai faɗa in na cire, ba zan ce ban lissafa ba. Na juya fensir na goge layin, na hure dusar, na shafa wurin da babban yatsa.

Da aka kashe rediyo na karanta jimla. Da na zo kan Baba na ce ashirin da shida.

Baba ya ce, "Mushe, ka mance da yarona."

Na ce, "Babu shi a rubuce, Baba. Wa ne shaidarku?"

"Kai ne. Gabana ka rubuta."

"Mai littafi ba ya zama shaida. Dokar kowa ya yarda da ita."

Abokin aikina ya ce ya ga Baba bakin ƙofa ranar, amma bai ji abin da aka ce ba. Tela ya ajiye almakashi ya dube ni.

"Bar zancen doka. Ya hwaɗa maka kan azahar, ko bai hwaɗa ba?"

Na ce na tuna ya yi maganar a nan gindin bedi bayan la'asar, bayan yaron ya riga ya yi kaye. Ta safe kuwa ban tuna ba.

Baba ya miƙo hannu na ba shi littafin. Ya riƙe shi a juye, kai a ƙasa, yana bin layukan da karkataccen yatsan nan nasa, a hankali, kamar zai ji rubutun a jikinsa. Direba ya ce a yafe dokar bana. Ni na ce in an yafe wa mutum ɗaya, baɗi kowa zai zo da musanyarsa bayan an ga sakamako. Magana ce mai kyau, shi ya sa ta yi aiki. Baba ya rufe littafin ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, "A bar shi. Abin da ke ga takarda shi ne. Ku ba Sarki kayanai."

Ya jawo murhu ya hau hura gawayi.

Daga ranar har saukar ruwa, wata biyar ko kusa, Baba ne ke miƙa mini kofin farko. "Sarki, ga naka." Ba da gatse ba, ba da ɗaure fuska ba. Da ya zage ni da na sami sauƙi. Tela ya daina tsokanarsa, wannan kuma ya fi komai nuna cewa wani abu ya lalace. Takobin na rataye shi bayan ƙofa, inda ba na ganinsa in na kwanta. Sau da yawa nakan shirya yadda zan faɗa masa gaskiya tun daga gida, in na iso na ga mutane sai in ce gobe.

Ranar da zai koma gona na raka shi tasha, na ɗaukar masa buhun kayansa. Na ce a raina yau ne. Muka tsaya ana ɗaure kaya a kan mota, ina ta zancen ko ruwan bana zai yi kyau. Da zai hau sai ya riƙe hannuna.

"Mushe, baɗi in na zo maka da magana, ka kira mutum. Kai ma ka huta."

Na ce to, Allah ya kiyaye hanya. Abin da na ce ke nan.

Gero yana fitar da kai direba ya kawo labarin rasuwar Baba. Zazzaɓi na kwana uku, an yi jana'iza tun shekaranjiya. Muka tafi gaisuwa mu huɗu. Na naɗe takobin cikin tsohon buhu ban gaya wa kowa ba. Bayan an yi addu'a a zaure na roƙi a kai ni in gaida mai ɗakinsa. Tana zaune cikin ɗaki kan tabarma, ni na durƙusa daga bakin ƙofa. Na yi mata gaisuwa, na kwance buhun, ina neman ta inda zan fara. Tana ganin jan kuben sai ta riga ni.

"Kai ne mai takarda? Ya ce mani bana shi ya ci. Ya ce kuben ne ya yage, tela shina gyarawa, in an yi girbi za ya amso. Ni ko na ce mai ƙarya yake, kofuna dai ya wanke." Ta karɓa ta ɗora a cinya tana shafawa. "Ashe gaskiya ya hwaɗi. Har ya tahi ina yi mai dariya."

Ta yi kuka kaɗan, ta share da bakin mayafi. Sannan ta ce Allah ya yi mini albarka, ba kowa ne zai ɗauko amanar mamaci ya kawo har gida ba. Na ce amin. Ban gaya mata cewa da na bar layi ɗaya yadda yake, da shi da kansa ya ajiye mata takobin nan tun farkon damina ba. Har yau ban sani ba ko tausayinta ne ya rufe mini baki ko tsoro. Na fi zargin tsoro.

A mota kan hanyar dawowa na gaya wa sauran ukun komai. Direba ya ce innalillahi. Mahauci ya juya fuska waje. Sai da muka wuce wani ƙauye tela ya ce, "Ai Baba ya sani. Ni ma na sani. Shi ya hana ni in tone ka."

Da gasar ta sake zagayowa tela ya sa sabbin batura, muka taru mu shida muka saurara. Ba wanda ya kawo tsinke, ba wanda ya tambayi littafi. Ni na riƙa hura gawayi, ba wanda ya ce in yi, ba wanda ya ce in bari.

Littafin yana nan cikin akwatina. Ina da nauyin hannu wajen rubutu, saboda haka in aka karkata shafin wajen haske ana ganin sawun fensir a ƙasan garken Baba, sunan yaron gabas da ranar da aka musanya, har da kalmar hantsi da na rubuta a gefe.